Tabon da Ke Ƙugun Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a unguwar 'yan goro ta Djougou ya san nauyin da ke cikin wannan magana. Mahaifina, Alhaji Muhammad Nur, bai taɓa kama sunana ba. Rahama aka raɗa mini, amma a bakinsa "yarinyar nan" ce ni har gobe, ga shi na haura arba'in, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare a Parakou, da 'ya'yana uku. In na je gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, shi kuma ya amsa yana kallon bango kamar bangon ne ya gaishe shi. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka muka taras ana yi. Ban taɓa jin ta tsaya mini a rai ba sai da ciwonsa ya dawo.

Shekara huɗu ke nan da aka yi masa aiki a Cotonou. Ciwon daji ne ya kama shi a prostat, 'yar ƙwayar nan da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara. Aka cire ta, muka yi sadaka, muka ce an rabu. Ƙanena Saidou ne ya yi jinyarsa a lokacin, shi ne bakinsa a gaban likitoci, don da Saidou Baba ba ya jin nauyin komai. Tun daga nan ake ɗibar jininsa lokaci-lokaci ana duba wata lamba da ake kira PSA. Muddin tana ƙasa, to lafiya. A farkon daminar bana sai ta ɗaga, aka sake aunawa ta ƙara ɗagawa, likita ya ce a yi hoton sikana a ga inda abin ya ɓuya. Saidou kuwa yana aiki a Libreville, takardunsa ba su ba shi damar ya fita ya koma ba.

To, wa zai raka Baba? Faransancinsa na kasuwa ne da bakin iyaka. Ya iya ciniki, ya iya rigima da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito, amma in likita ya saki nasa Faransancin sai ya bar shi a tasha. Likitan kuma mutumin kudu ne, ba Hausa ba Dendi. Na ce a nemi wani ma'aikacin asibitin ya yi tafinta, Baba ya aiko da cewa a'a, maganar da aka yi da Hausa a Parakou da hantsi, kafin la'asar an gama tafa hannu a kanta a Djougou. Mijina Zulkifli ya ce zai je, na ce ya rufa mana asiri, suruki ai ya fi ni muni. Haka abin ya zagayo ya faɗo a kaina.

Ranar karɓar sakamako muka zauna a gaban likita, ni da Baba, kowa ya karkata jikinsa gefe kamar waɗanda suka yi faɗa a mota. Likitan ya juyo mana da allon kwamfutarsa, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin tabo a ƙashin ƙugu, ɓangaren hagu. Bai fi ƙwayar wake ba.

Ya ce da ni da Faransanci, "Madame, gaskiya zan gaya miki, ban san ko mene ne wannan ba. Zai iya zama tsohon tabo, irin wanda mutum kan yi shekaru da shi ba ya cutar da shi. Zai iya kuma zama ciwon ne ya taɓa ƙashi. Hoton nan ba zai raba mana gardama ba, shi ya sa nake buƙatar bakin mahaifinki. In wurin yana masa ciwo, yau zan fara masa allura, in tura ku Cotonou a ɗauki wani hoton da ya fi wannan gani. In ba ya jin komai, ba zan wahalar da dattijo ba, don allurar tana da tata wahalar. Sai mu jira wata uku mu sake dubawa."

Daga nan ya shiga jero tambayoyi. Yana jin zafi a ƙugu? Da dare fa? Fitsari yana fita sosai ko ɗiga yake yi? Yana iya riƙe shi? Akwai jini?

Ni da nake tsayawa gaban aji cike da samari masu taurin kai ba gezau, ranar harshena ya ƙi ɗaguwa. Ta yaya zan dubi mutumin da ko sunana ba ya faɗa in ce masa fitsarinka ɗiga yake yi? Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, wai yana tambaya ko kewayawa lafiya lau."

"Alhamdulillahi," in ji Baba, yana karanta kalandar da ke bango.

"Wai ƙugun fa, ko ana jin wani abu a wurin?"

"A ce masa mun gode Allah."

"Da dare ma?"

"Barci muke yi kamar jarirai."

Na kwashe wannan duka na juye wa likita. Ya leƙo Baba ta saman tabarau, ya leƙo ni, ya ce, "Kin tabbata?" Na ce abin da ya faɗa ke nan. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce mu dawo bayan wata uku. Wallahi daɗi na ji a lokacin. Na fito ina ta hamdala a zuci kamar wadda aka yafe wa laifi.

Baba ba ya kwana a Parakou, balle a gidan surukinsa da ke Tourou, don haka daga asibiti tashar motocin Djougou muka nufa. Direban ya san shi, ya ba shi gaba. Na tsaya daga nesa kamar yadda na saba, rungume da babbar ambulan ɗin hotunan. Baba ya buɗe ƙofa, ya zauna da gefe, ƙafafunsa a waje. Ya waiga dama da hagu. Sai ya sa hannu biyu a ƙarƙashin cinyarsa ta hagu ya ɗaga ta ya shigar da ita mota, yana cije da leɓe, gumi ya tsatso masa a goshi. Yana ɗagowa idonsa ya faɗa cikin nawa. Nan da nan ya kau da kai, ya gyara hula, ya shiga tambayar direba ko hanya ta yi kyau bayan ruwan jiya. Motar ta tashi, ni kuwa na daɗe a tsaye har mai sayar da lemo ta tambaye ni ko lafiya.

Satin nan ban san abin da na koyar ba. Sau biyu yara suna gyara mini lissafi a allo, suna murna sun kama Madame. In na sami hutu sai in buɗe waya in shiga karance-karance a kan ciwon daji da ƙashi, kowane shafi ya fi na baya ɗaga hankali, amma na kasa bari. Tsoro ne tsagwaronsa. In tabon nan ciwon ne, to wata uku muka ba shi kyauta ya yi ta ci, kuma da bakina aka ba shi.

Zulkifli ya ce, "Haba Rahama, likita da kansa ya ce a jira. Kin fi likita sani ne?"

Na ce, "Likita ya ji abin da na gaya masa ne, ni kuma na gaya masa abin da Baba zai iya faɗa a gabana. Ka ga likita a cikin wannan maganar?"

Na kira Saidou na ce ya bugi cikin Baba ta waya. Ya kira, Baba ya ce masa garau yake, ya kula da aikinsa kada ya ta da hankalinsa a ƙasar mutane. Saidou ya dawo yana ce mini na cika zargi. Na kashe wayar kafin in faɗa masa abin da zan yi nadama.

Ran Asabar na kama hanyar Djougou. Na iske Inna Halimatu, mahaifiyata, a tsakar gida tana murza garin doya a faranti za ta yi wasa-wasa. Ita ma ni ce ta fari a wurinta, don haka tsakaninmu magana ba ta bin hanya sai ta zagaya ta bayan gida.

Na ce, "Inna, jikin Baba fa?"

"Da sauƙi."

Na nemi wuri na zauna kusa da ita. Na san halinta, in ka matsa ta rufe, in ka ƙyale ta buɗe. Ta yi ta murza gari. Can sai ta kori wata kaza da ta matso, ta ce wa kazar, "Ke dai ba ki da aiki, kamar tabarmar sallar ɗakin can. Tun azumi ta huta, kujera ce ke aiki." Ta ƙara murzawa. "Babur ma an jingine shi, wai ya tsufa. Babur ɗin da aka saya bara."

Na ce, "An yi masa magana kuwa?"

"In an yi sai ya ce a je a duba tukunya kada ta ƙone." Ta karkaɗe hannunta, ta dubi sama kamar mai duba hadari. "Zali dai ta kwana biyu ba ta leƙo mu ba. Ita ce Allah ya ba bakin da ba shi da ƙofa."

Gwaggo Zali ɗiyar kawun Baba ce, wato taubashiyarsa. Tsakanin taubasai babu kunya babu fushi, abin da wani zai faɗa a yi shari'a, su sai su faɗa a yi dariya. Tun suna yara suke gardama a kan wane ne bawan wani, har yau ba a yanke hukunci ba. A duk faɗin dangi ita kaɗai ce ke iya cire wa Baba hula a gaban mutane ta ce kansa ya yi kama da ƙwarya. Tun da mijinta ya rasu take zaune a Sérou wurin ɗanta.

Ban ko tsaya cin wasa-wasar ba na tari ɗan zem, mai babur ɗin haya, muka bi jar hanyar nan da ruwa ya farfasa. Kafin mu isa zanena ya koma kalar hanya. Na iske ta a gindin mangwaro tana bugun man kaɗe a babbar roba, hannu dumu-dumu, goro a kumatu.

Ta ce, "Wa nake gani kamar 'yar bawana? Ubanki ne ya aiko ki da gaisuwa, ko har yanzu girman kan yana nan?"

Na buɗe baki zan gaishe ta sai kuka ya riga gaisuwar fita. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in zauna in yi magana kamar mutum. Na gaya mata komai, har kalmomin da na kasa faɗa a gaban likita. Ta saurara tana ta bugun manta har na zo kan tabon.

"Tsaya. Ƙugu kika ce foton ya nuna?"

"Ƙashin ƙugu, Gwaggo."

"Yo ai ƙugun Nur ya taɓa tsagewa! Tun ba a haife ki ba. Suna dawowa daga Gana da goro, don iyayi ya ƙi zama a ciki ya haye can saman huhuna, motar ta faɗa rami ya subuto ƙasa kamar kabewa. Wata biyu yana kwance a gidan ubana, mai ɗori na zuwa. Ni nake kai masa kunu ina masa dariya. Bai gaya wa lokotoron ba?"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Tsohon tabo, abin da likita ya faɗa da bakinsa ke nan! Tsohuwar karaya kuma kowa ya san takan motsa in damina ta kama, ga dalilin ciwon ƙafar ya fito. Na ƙi tunawa da cewa azumin bana cikin bazara aka yi shi, ana tsananin zafi. Ban kuma tambaye ta wane ɓangare ne ya tsage ba. Na san ya kamata in tambaya, tsoron amsar ne ya hana ni.

Gwaggo Zali ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ce in nemo mana babura biyu.

Baba yana zaure a kan kujera, yana yayyafa wa ganyen huhun goro ruwa, lokacin da muka iso. Ni na maƙale a bayan ƙofa inda zan ji ba za a gan ni ba. Ita kuwa ta faɗa ciki da muryarta ta kasuwa.

"Salamu alaikum, ina bawan gidanmu?"

"Wa ya bar ƙofa a buɗe har wannan ta shigo?" in ji Baba. Na ji dariya a muryarsa, abin da na daɗe ban ji ba.

"Tashi ka gaishe ni."

"Ni in tashi miki? Duniya ta ƙare ke nan."

"Tashi mana, in ka isa. Ba tare da ka dafa komai ba."

Ina jin ɗigar ruwa daga hannunsa a kan ganye. Kujerar ba ta motsa ba.

"Ashe," in ji Gwaggo Zali, ta kuma sauke murya. "Za mu koma lopital, Nur."

"Na riga na yi magana da lokotoro."

"Ƙarya kake. Da 'yarka ka yi magana, lokotoro yana gefe yana kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Zali, ke ma kin sani. Yarinyar nan ce fa. Da wane baki zan faɗi irin waɗannan abubuwa tana zaune?"

"To ni za ka gaya wa. Ni da na gan ka ba wando kana tsere wa wanzami ranar kaciya, me ya rage da za ka ɓoye mini? Ita za ta zauna a baya ta juya mana ƙeya. Ka ɗauke ta rediyo, ka zuba Hausa ta fitar da Faransanci. Ko rediyon ma kunyarsa kake ji?"

Baba ya yi 'yar gajeriyar dariya, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da kawunsa da ya haifo masa wannan jaraba. Ina bayan ƙofa ina addu'a. Can ya ce, "Wace rana ce?"

Sai da na yi wa sakatariyar likita magiya kamar zan durƙusa kafin ta matso mana da rana. Ran Alhamis muka shiga mu uku. Gwaggo Zali ba ta jira an ba ta wuri ba, ta ja kujera ta ajiye daf da ta Baba, ta ɗauki tawa ta kai lungu ta juya ta tana kallon bango. Likita ya tambaye ni me ke faruwa. Na ce masa al'ada ce, in yana son gaskiya yau zai same ta, amma ta wannan hanyar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "D'accord." Na zauna, hancina kusa da wata takarda da aka manna mai koya wa mutane wanke hannu.

Likita ya yi tambaya, ni in faɗa wa bango a hankali, Gwaggo Zali ta cafe ta jefa wa Baba ba gishiri ba yaji.

"Wai fitsarin naka zuba yake ko ɗiga, kamar tulun da ya tsage?"

"Ɗiga," in ji Baba, can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, rediyon ba ya kamawa."

"Na ce ɗiga yake. Wani lokacin kuma yakan riga ni."

"Jini fa?"

"Babu jini."

Ina fassarawa, kunnuwana suna zafi kamar an mare ni, amma muryata ba ta tsaya ba. Kafin a zo kan ƙugu Gwaggo Zali ta ce a dakata, tana da labari. Ta kawo zancen motar goro da ramin da mai ɗori. Na juye shi da sauri, har da ƙarin da ba ta yi ba, don ina so likita ya kama shi da hannu biyu. Ya kuwa kama. Na ji ya ajiye biro, ya ce wannan magana ce babba, tsohuwar karaya takan bar irin wannan tabo daidai. Sai ya ce, "De quel côté?"

Na ce wa bango, "Wai wane ɓangare ne?"

"Hagu mana!" in ji Gwaggo Zali, ba ta ko numfasa ba. "Hagu ne, kamar yau nake gani."

Na buɗe baki zan faɗa. Kalmar tana kan harshena, kuma na san in ta fita za mu tashi mu tafi gida da wata ukunmu.

"Zali," in ji Baba.

"Na'am."

"Dama ne."

"Kai tsufa ya cinye maka kai, ni da nake kai maka…"

"Mutum ba ya manta gefen da ya yi wata biyu bai kwanta a kansa ba. Dama ne, kuma ya warke tun tuni, ko damina ba ya motsi. Ke ma kin sani." Ya numfasa. "Wannan na hagun baƙo ne. Tun tsakiyar azumi ya sauka. Da rana yakan lafa, da dare kuwa kamar ana kafa ƙusa a ƙashin. Kada a sa yarinyar nan ta sake ɗaukar ƙarya a bakinta ta kai wa mutum, sau ɗaya ya isa."

Muryar Gwaggo Zali a wannan karon ba ta wasa ba ce. Ta ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko, Nur? Kunyar ce kaɗai?"

"Da ita. Amma wancan karon ni aka yanka, yarinyar nan ce ta rame. Innarta ta gaya mini."

Harufan takardar wanke hannun suka narke a idona. Na danne bakina da gefen mayafi don kada a ji, rediyo ai ba ya kuka.

"Madame?" in ji likita. "Me ya ce?"

Na share fuska, na gyara murya. Na ce karayar a dama take. Na ce hagun yana ciwo tun watan azumi, ya fi tsanani da dare, kamar ana kafa ƙusa. Likita ya ce, "Ya yi magana mai tsawo, shi ke nan abin da ya faɗa?" Na ce sauran ba na asibiti ba ne.

Ya yi rubutu mai yawa a wannan karon. Ya ce har yanzu ba zai rantse cewa ciwon ne ya taɓa ƙashi ba, hoton Cotonou ne zai faɗa, shi ma wani lokacin yakan bar mutum a tsakiya. Amma ba za a jira wata uku ba, ko sati uku. Yau za a fara allurar, kuma zai ba da maganin da zai bar dattijo ya yi barci. Na mayar da wannan Hausa ina kallon bango. Baba ya ce, "To, Allah ya sa mu dace." Gwaggo Zali ta ce amin, ni ma na ce amin a ciki.

Wata ma'aikaciya ta shigo da allura a ɗan faranti, ta ce a ɗage riga. Na tashi na fita ban waiga ba, na ja musu ƙofa. Ta cikin ƙofar ina jin Gwaggo Zali ta koma bakin aikinta, tana ce masa in ya yi kuka sai ta gaya wa duk Djougou, shi kuma yana ce mata ta fita masa daga kai. Na jingina da bango a barandar. Abin da na yi ta fafutuka a kansa na samu, likita ya ji gaskiya, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Saidou ne daga Libreville, ko sallama bai gama ba ya ce, "Yaya, me ake ciki? Me hoton ya ce?"

Na ce, "Hoton bai ce komai ba tukuna. Baba ne ya ce."